Kwana Shida a Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa

Mun bar Sakkwato ranar Talata bayan sallar asuba, mu uku, da buhu biyu na kayan aiki: guduma huɗu, cizal shida, burushin waya dozin ɗaya, manyan sifanu, sanfefa, safar hannu ta roba, tabarau na kare ido da takunkumi. Direba ya ɗaga buhu ɗaya ya dire shi da sauri.

"Malam, mi na cikin buhun ga, duwatsu?"

Muka ce kayan gyaran jirgin ƙasa ne. Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. "Jirgin da bai taɓa zakkuwa garinmu ba, shi za ku gyarawa?" Kowa ya biya naira 18,000, buhunan kuma sai da suka ci kuɗin rabin kujera.

Gaskiyarsa. Dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tsaya, bai ƙaraso mana ba har yau. Amma fatun jan akuya na ƙasar Sakkwato, da gyaɗa da auduga, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, aka riƙa kai su Gusau da Ƙaura ana loda wa taragu zuwa Legas. Wannan layi ya ci gumin kakanninmu ko da bai taka ƙasarmu ba. Shi ya sa da wasu masu aikin sa kai na Zariya suka nemi ƙarin hannu don gyaran wata ƙaramar tasha a kan layin, muka amsa. Ba zan faɗi sunan tashar ba, domin akwai sauran tagulla a jikin taragunta, 'yan gwangwan kuma suna karatu.

Daga Shuni zuwa Lambar Tureta, Lambar Bakura, Talatar Mafara, babu abin faɗa sai ramuka da shingaye. Kowa ya san halin hanyar nan, babu direban da ke son la'asar ta same shi tsakanin Tsafe da 'Yankara, don haka tsayawa kaɗan ce. A wani shinge kafin Gusau ne aka sa muka sauke buhunan. Jami'in ya zazzage su a bakin titi, ya ga guduma da cizal da sifana mai tsawon kamu guda, ya ji mun ambaci dogo, fuskarsa ta sauya. Ban ga laifinsa ba. Waɗannan su ne daidai kayan da masu kwance dogo suke ɗauka, kuma an sha kama motoci maƙare da ƙarafan layi. Abin da ya cece mu takardar izini ce mai hatimi, wadda abokan aikinmu suka karɓo daga hukumar jiragen ƙasa suka aiko mana da hotonta, muka buga kwafi uku. Ya karanta har ƙasa, ya tambayi sunan kowa ya duba a jerin.

"Yallaɓai, mu maidawa muke yi, ba cirewa ba," in ji babbanmu.

Ya ce mu kwashe mu tafi. Duk mai niyyar irin wannan aiki ya fara da takardar nan. Gini da tarago da kowane noti na wurin dukiyar hukuma ce, ko da akuya ce ke kwana a ciki.

Mun ci shinkafa da wake a Gusau a tsaye, muka wuce ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi, muka isa Funtuwa da azahar. Daga nan ƙasa ta sauya. Jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, masara da dawa sun rufe ko'ina, ga rake a bakin hanya. Wata ƙaramar mota ta ƙarasa da mu, sauran tafiyar kuma a babur. Mai garin ya ba mu zaurensa, aka shimfiɗa tabarmi. Ƙarshen Oktoba ne, a Sakkwato har lokacin ana kwana a waje, amma a nan sanyin asuba ya sa muka nemi aron bargo.

Mu goma sha huɗu ne gaba ɗaya: birkila biyu, kafinta, mai walda, ɗaliban zanen gini su biyar, mu uku, wani malamin makaranta na garin, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin fita, wato kanikanci, a reluwe, wanda kowa ke ce wa Baba. Tashar ɗaki uku ce a jere da baranda mai fuskantar dogo: ofishin shugaban tasha, ɗakin tikiti mai ƙaramar taga, da ɗakin ajiya. Ginin jan bulo ne na gashi, rufin kwano. A layin gefe akwai taragon kaya mai rufi guda ɗaya da taragon gadi, ciyawa ta kai musu rabin ƙafa.

Ranar farko Baba ya hana kowa taɓa guduma. Awo aka yi da hoto. Kowane bango an ɗauke shi daga nesa da kusa, an sa tef a jikin kowace tsaga don a san faɗinta, an ba kowace taga da ƙofa lamba da alli. Ɗaliban suka ɗora leda mai haske a jikin tarago suka bi lambarsa da rubutun nauyinsa da alƙalamin maka, harafi bayan harafi. Dalili a fili yake: da zarar burushi ya bi ta kan rubutu ya tafi ke nan, kuma babu wanda zai tuna girman haruffan daidai. Sun kuma kankare wani ɗan wuri kamar tafin hannu a ƙofar ofis, sannu a hankali, har suka ƙirga fenti hawa biyar. Na can ƙasa shi ne launin asali.

Mutanen gari da suka taru kallo duk tambayarsu ɗaya, yaushe za a shafa fenti. Fenti shi ne na ƙarshe. Abin da ke kashe gini ruwa ne, kuma daga sama yake farawa, don haka kafinta ya fara hawa.

Kafin ya shiga cikin rufin sai da aka yayyafa ruwa a kan kashin jemage da ya taru kamar kamu ɗaya a kan silin, aka kwashe shi da shebur, kowa da takunkumi. Busasshen kashin jemage idan ya tashi ya shiga huhu yana sa ciwo, ba a share shi da tsintsiya a bushe. Silin ɗin ɗakin ajiya kuma na asbesto ne. Dokarsa ba a fasawa, ba a hudawa, ba a gogewa. Wanda ya riga ya karye an jiƙa shi, an naɗe a leda biyu, an ajiye gefe. Wanda yake lafiya aka bar shi inda yake.

Gwajin katako da sukundireba ake yi. A soka bakinta a jikin kowane katakon rufi, musamman inda ya shiga bango. Idan ta tsaya a fata, lafiya lau. Idan ta nutse kamar a cikin kabewa, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Cikin katako ashirin da biyu, bakwai ne suka lalace, kuma duk a ƙarshen da ke gabas. Kafintan bai cire su ɗungurungum ba. Ya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren da ƙarin kamu ɗaya cikin lafiyayyen itace, ya yi yankan karkace mai tsawo, ya haɗa da sabon katako da noti biyu. Tsohon itacen ya fi duk abin da za ka samu a kasuwar katako yau, asara ce a jefar da shi saboda ƙarshensa ya mutu. Sabon an shafe shi da maganin gara sau biyu, har da bakin yankan, wanda shi ne mutane ke mantawa. Wani ya kawo shawarar baƙin mai, kamar yadda ake yi a gida. Yana korar gara na ɗan lokaci, amma fenti ba ya kama itacen bayansa, kuma yana ƙara wa wuta abinci.

Me ya sa gabas? Domin hadarin damina daga nan yake tasowa, a nan da Sakkwato duk ɗaya. Wanda ya taɓa gyara rufin a baya ya jera kwanon bakinsa na kallon gabas, iska na cusa ruwa ta ƙarƙashi. Daidai shi ne a fara jerawa daga yamma ana tahowa gabas, kowane falle ya hau kan na baya da tudu ɗaya da rabi, na sama ya sauko kan na ƙasa da santimita 15 aƙalla, ƙusa kuma a kan tudu, ba cikin kwari inda ruwa ke gudu ba. Tsohon kwanon yana da kauri, falle tara kawai muka sauya.

Bango shi ne ya jawo gardama. A ɓangaren arewa, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, wani ya taɓa cike tsakanin bulo da siminti. Simintin na nan daram, bulon da ke kewaye da shi kuwa fuskarsa ta zube, ya zama rami-rami, ka sa yatsa ya koma gari. Malamin makarantar ya ce ai wannan shaida ce siminti ya fi ƙarfi, a ƙara shi. Babban birkilan ya ce ƙarfin nan shi ne cutar. An ɗaure ginin ne da farar ƙasa da yashi, kwaɓin da ya fi bulo taushi kuma yake barin danshi ya fita ta jikinsa. Da aka toshe hanyar da siminti, danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita sai ta cikin bulo, ya fito da gishirinsa ya farfasa fuskar. Kwaɓi ana iya sabunta shi kowane lokaci. Bulo irin wannan kuwa idan ya lalace da wuya a samu madadinsa.

Mu 'yan Sakkwato ba mu sha wahalar ganewa ba. Kowa ya ga katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti a cikin gari: shekara biyu tana sheƙi, ruwa ya samu tsaga ya shiga baya, ƙasar ta narke a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo falle guda kamar ƙyaure. Magina na da da suke yaɓe da makuba, suna gyara indararo kafin ruwan fari, sun san bango yana buƙatar ya sha iska. Abin dariya, dutsen farar ƙasa a bayan gidanmu yake, a Kalambaina, amma duk siminti yake zama. Farar ƙasar da muka yi aiki da ita birkilan ya sayo a buhu, ya jiƙa a duro mako biyu kafin zuwanmu, har ta yi laushi kamar kindirmo.

Ga yadda aikin yake. A cire simintin da ƙaramin cizal da hannu, ba da injin yanka ba, domin injin yana cin gefen bulo. Zurfin ramin ya ninka faɗinsa biyu: tsakani mai santimita 1 a haƙe shi 2 ko 2 da rabi. A share ƙura, a jiƙa bangon har ya daina shan ruwa da sauri. Kwaɓin awo 1 na farar ƙasa ne da awo 3 na yashin rafi mai kaifi wanda aka tankaɗe, ruwa kaɗan, ya yi tauri yadda zai zauna a kan cokalin gini ko an karkata shi. A danna shi ciki sosai da siririn ƙarfe. Idan ya fara ƙarfi, yadda babban yatsa da ƙyar zai bar shaida, a bubbuge shi da burushi mai tauri. Farar ƙasa tana cin fata, idan ta faɗa ido kuwa babbar magana ce, don haka safa da tabarau dole ne, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa.

A nan muka yi kuskurenmu na farko. Ranar Alhamis mun cike kamar murabba'in mita uku, muka tafi cin abinci ba mu rufe ba. Iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kafin la'asar kwaɓin ya yi fari fat, ya tsattsage, ka murza ya zube. Farar ƙasa ba bushewa take so ba, a hankali take ƙarfi tana shan iska alhali da danshi a jikinta. Sai da muka ƙwaƙule duka muka sake. Daga ranar duk inda aka gama sai a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gabansa, ana yayyafa masa ruwa safe, rana da yamma. Malamin makarantar ya ɗauki nauyin ci gaba da haka mako guda bayan tafiyarmu.

Aikin da ya fi kowanne amfani kuwa babu gwaninta a cikinsa. Ƙasa ta taru a gindin bangon har ta haura daɓen ciki, ta nan danshi da gara ke hawa. Samarin gari shida suka kwashe ta da shebur har ta koma santimita 15 ƙasa da daɓen, aka karkata ta waje, aka buɗe tsohuwar magudanar da ta toshe. Wata 'yar cediya da ta tsiro a saman bango an yanke ta a gindi. Ba a fizge ta, saiwarta na fitowa da bulo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya kai mu wurin taragu. Kafin komai ya sa aka buga weji, abin tokarewa, gaba da bayan ƙafa biyu. Tarago mai shekaru a tsaye yana iya motsawa ranar da ka saki burkin da tsatsa ta riƙe, kuma ba ya ƙara idan ya taso. Sannan ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da guduma mai dogon ƙota. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuma sai ta ce dum ta yi shiru. Duka suka amsa.

"Ɗana, buɗe wannan," ya ce wa ɗaya daga ɗaliban, yana nuna murfin akwatin da ke ƙarshen gatari, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafa biyu.

A cikin akwatin nan rayuwar tarago take. Nauyinsa duka yana zaune a kan wata tagulla mai lanƙwasa da aka shafe cikinta da farin ƙarfe mai taushi, ita kuma tana kan wuyan gatarin. A ƙasa akwai ƙunshin zare da ke jiƙe da mai, yana lasar wuyan yana shafa masa. Idan mai ya ƙare a kan tafiya akwatin ya yi zafi har ya yi hayaƙi, farin ƙarfen ya narke. Idan kuma tarago ya daɗe a tsaye, ruwa ya shiga ya kore man, tsatsa ta huhhuda wuyan. A namu, akwati uku ruwa ne da laka a ciki, biyu kuma an sace tagullarsu, ƙarfe na zaune kan ƙarfe. Baba ya ce ko da wasa kada a ja shi a haka, taku goma ya isa ya karce wuyan ya lalata shi. Aka sa jak a ƙarƙashin akwatin aka ɗaga kaɗan, aka cusa katako ya riƙe nauyin kafin kowa ya sa hannu, aka zaro tagullar, aka wanke da kananzir, aka goge wuyan da sanfefa mafi laushi da mai, aka sa sabon zare. Burkin iska da ke ƙarƙashi robobinsa sun mutu, ba mu taɓa shi ba. Sandar burkin hannu kawai muka kwance, bayan kwana biyu ana ɗiga mata man gas a kowace gaɓa. Notin da ya ƙi, haƙuri yake so. Wanda aka sa wa dogon bututu a sifana aka taka, ya karye, mai walda ya ɓata rabin yini a kansa.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki da yawa. Idan ta shiga tsakanin falle biyu da aka haɗa da ƙusar rifit sai ta kumbura ta ture su, har kan ƙusar ya fille. Inda ta fi ɓarna shi ne ƙasan firam, wurin da ƙura da kashin awaki suka taru suna riƙe danshi. Guduma ta fara, cizal ya bi, sannan burushin waya. Inda ƙarfe ya huje, mai walda ya yanka har ya kai lafiyayye kafin ya sa faci. Walda a kan tsatsa tofi ce kawai.

Tsohon fentin reluwe ana ɗaukarsa a matsayin mai dalma har sai an tabbatar ba haka ba. Wanda ya bi ta Zamfara ba ya buƙatar dogon bayani, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Don haka babu ƙona fenti da wuta, gogewa a jiƙe ake yi, an shimfiɗa leda a ƙasa tana tare ɓarɓashi, yara kuma an kore su nesa, abin da ya fi kankarar tsatsar wuya. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, kayan aiki ba sa shiga zauren kwana.

Ƙa'idar fenti: kada ka kankare fiye da abin da za ka iya rufewa a ranar. Ƙarfen da aka bari tsirara ya kwana, raɓa ta sauka, da safe ya yi ja. Jan fenti na ƙasa hawa biyu, da burushi ana cusa shi cikin ramuka. A takarda lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10, amma ƙarfe mai ƙuraje ya fi haka sha, gefe ɗaya na taragon, kamar murabba'in mita 20, ya kusa cinye galan mai lita 4 a hawa ɗaya. Lokacinsa daga hantsi, bayan raɓa ta bushe, zuwa kafin rana ta take. Kuskurenmu na biyu ke nan: ranar Asabar wani ya ci gaba har azahar a gefen da rana ke duka, ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi, fentin ya bushe a sama cikinsa ɗanye, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Aka kankare.

Da dare ana tuwon masara da miyar kuka daga gidan mai gari, sai shayi, sai hira. Ɗaliban suka ba da labarin gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta ta Legas, ginin 1898, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara a 2010 ya zama ƙaramin gidan tarihi. Baba ya ce su je Minna su ga kan jirgin Wushishi na 1901 da ke ajiye a tasha. Ya sa wani ya auna tsakanin dogayen da tef a hasken tocila: ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Taragon da muke wahala a kansa ba zai taɓa hawa wancan ba.

Kuɗin kaya karo-karo aka yi, mu uku muka zuba naira 60,000, mafi yawa ya tafi a kwano da fenti. Abinci da makwanci garin ya ɗauka, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ranar Litinin da sassafe muka kamo hanya. Mun baro rufi a rufe, bangon arewa an gama kashi biyu cikin uku, gefe ɗaya na taragon kaya da firam ɗinsa sun sha jan fenti, akwatunan ƙafa an ɗaure musu leda da waya. Taragon gadi ko share shi ba a yi ba. Ƙofofi da tagogi suna jingine a ɗakin ajiya da lambobinsu, makullin yana hannun mai gari. Ragowar farar ƙasa na cikin duro, ruwa ya rufe ta da kamar yatsa huɗu, a haka za ta jira har a koma bayan sanyi ya yi sauƙi. A shingen nan na kusa da Gusau jami'in ya gane buhunan, ya ɗaga mana hannu. Mun shigo Sakkwato ana kiran la'asar, da jan fenti a ƙarƙashin farce.